Kasuwar Kayan Jinyar Raunuka a Duniya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Jinya, Ma'aikatan Lafiya da 'Yan Kasuwar Kano

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin mutane iri uku a Kano: masu jinyar wani nasu da ke fama da gyambo, ma'aikatan jinya da ke wankin ciwo kullum, da 'yan kasuwar magani da ke son sanin ko akwai alheri a shigo da kayan zamani. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi. Amsoshin ba su ɗauke wa mai ciwo zuwa asibiti ba.

Me ake nufi da kasuwar kayan jinyar raunuka?

Ana nufin duk cinikin da ake yi a duniya na kayan wanke ciwo, rufe shi, ɗinke shi da taimaka masa ya warke. Masu harkar sukan kasa ta gida uku. Akwai kayan yau da kullum da kowa ya sani, irin su auduga, goz, bandeji, filasta, aidin da ruwan gishirin asibiti. Akwai kayan tiyata, wato zaren ɗinki, maƙalan ƙarfe na haɗe fata da gam ɗin likitoci. Sai kuma kayan zamani, waɗanda suka haɗa da bandeji masu riƙe danshi, injinan zuƙe ruwan ciwo da fatar da ake dasawa a kan gyambo. Kashi na ukun nan shi ne ya fi saurin bunƙasa, kuma shi ne ya fi ƙaranci a asibitocinmu.

Yaya girmanta yake, kuma da wane sauri take ƙaruwa?

Yawancin kamfanonin da ke nazarin kasuwanni suna kai darajarta sama da dala biliyan 20 a shekara, tare da ƙarin kashi 4 zuwa 6 cikin 100 duk shekara. Alƙalumansu sukan bambanta saboda wani ya lissafa zaren ɗinki wani bai lissafa ba, wani kuma ya haɗa da magungunan shafawa. Amurka ce ta fi kowa sayen kayan, Turai na biye da ita, yayin da ƙasashen Asiya, musamman Sin da Indiya, suka fi saurin ƙaruwa.

Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa waɗannan alƙaluma kuɗi suke aunawa, ba yawan masu ciwo ba. Ƙasar da inshora ke biya wa marar lafiya bandejin dala 20 za ta fito babba a lissafi, alhali ƙasar da ke da ninkin masu gyambo amma suna ɗaure shi da tsumma ba za a gan ta ba sam. Shi ya sa kason Afirka yake ɗan kaɗan a rahotannin, ba don raunukanmu sun yi kaɗan ba.

Me ke sa take ta girma haka?

Babban dalili shi ne ciwon suga. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a 2021, kuma za su kai miliyan 783 a 2045. A Afirka kuwa ana sa ran adadin zai tashi daga miliyan 24 zuwa miliyan 55 a tsakanin waɗannan shekaru, wanda shi ne hauhawa mafi girma a duk nahiyoyi. Bincike ya nuna cewa daga kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma irin wannan gyambo yakan ɗauki watanni ana wanki ana ɗaurewa.

Na biyu tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Fatar tsoho siririya ce, jininsa ba ya gudu kamar na matashi, kuma idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, gyambon kwanciya na nan tafe. Bayan waɗannan akwai ƙaruwar tiyata, haɗurran mota da ke kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara tare da jikkata wasu miliyan 20 zuwa 50, da ƙuna da ke hallaka kusan mutum 180,000 a shekara.

Me ya bambanta sabon rauni da gyambo, kuma me ya sa gyambo ya fi cin kuɗi?

Sabon rauni, kamar yankan wuƙa ko ɗinkin tiyata, yana bin matakansa ya rufe cikin makonni kaɗan idan aka tsaftace shi. Gyambo kuwa ciwo ne da ya tsaya cak, ya wuce wata guda zuwa wata uku bai nuna alamar haɗewa ba, kuma kusan kullum akwai wani abu a cikin jiki da ke riƙe shi: suga da ya hau, jijiyar jini da ta toshe, nauyin jiki da ke danne wurin, ƙarancin abinci mai gina jiki, ko ƙwayoyin cuta da suka yi sansani.

Wani nazari da aka yi a Birtaniya ya nuna yadda lissafin yake. A shekarar 2017 zuwa 2018 hukumar lafiyar ƙasar ta kula da masu rauni miliyan 3.8 a kan fam biliyan 8.3, kuma kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin ya tafi ne a kan raunukan da ba su warke ba a cikin shekarar, duk da cewa su ne 'yan tsiraru. Mafi yawan kuɗin ma ba na bandeji ba ne, na lokacin ma'aikatan jinya ne da zirga-zirgar ganin likita. Wannan batu zai sake tasowa a amsar tambayar ko bandeji mai tsada yana iya fin mai arha sauƙi.

Iyayenmu sun ce a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Me ya sa yanzu ake rufe shi?

A 1962 wani masani ɗan Birtaniya mai suna George Winter ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi yana yin sabuwar fata da sauri fiye da wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Dalili shi ne ƙwayoyin sabuwar fata suna tafiya ne a kan danshi, idan kuwa ɓawo ya tare su sai sun bi ta ƙarƙashinsa. Kusan dukkan kayan zamani da ake sayarwa yau a kan wannan binciken aka gina su.

Amma danshi daban, jiƙewa daban. Ciwon da ruwa ya kwanta a kansa har gefensa ya yi fari ya yi laushi, shi ma ba zai warke ba. Haka nan akwai baƙin busasshen ɓawo a diddige ko yatsan mai toshewar jijiya wanda likita kan ce a bar shi a bushe har a duba gudun jini tukuna.

Waɗanne ne bandejin zamani, kuma a ina kowanne ke aiki?

Babu wanda ya fi sauran a kowane hali. Yanayin ciwon ne ke zaɓa. Mai kama da soso yana shanye ruwa mai yawa kuma yana rage dannuwa. Aljinet, wanda ake yi daga ciyawar teku, yana dacewa da ciwo mai zurfi da ke zubar da ruwa sosai. Haidirojel jiƙa busasshen ciwo yake yi don mataccen nama ya saki. Haidirokoloyid yana manne wa ciwo marar zurfi mai ɗan ruwa kaɗan, ya yi kwanaki ba a taɓa ba, sai dai ba a sa shi a kan ciwon da ya yi mugunya. Akwai siririyar leda mai shara-shara da ake rufe ɗinki ko wurin allurar ƙarin ruwa da ita, akwai kuma masu shafen silikon da ba sa manne wa nama, waɗanda suka kawo sauƙi ƙwarai ga yaran da suka ƙone. Duk wanda ya taɓa jin ihun yaro lokacin da ake ɓamɓare goz daga ƙuna ya san abin da wannan sauƙi yake nufi.

Mene ne injin zuƙe ruwan ciwo da ake ta magana a kai?

Ana cusa soso a cikin ramin ciwon, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a haɗa da wani ƙaramin inji da ke zuƙa a hankali dare da rana. Yana janye ruwa da mugunya, yana rage kumburi, yana kuma jawo gefen ciwon su matso. Wasu masana biyu a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su suka inganta dabarar, kamfanin KCI kuma ya fito da ita kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Yanzu an koma yin ƙanana masu batir da ake amfani da su kamar mako guda a yar, irin su PICO, waɗanda majiyyaci zai sa a aljihu ya koma gida.

A nan gida cikas ɗinsa biyu ne: kuɗin soso da robar tara ruwa da ake sauyawa bayan kwana biyu ko uku, da kuma wutar lantarki. Likitocin tiyata a ƙasashe irin namu sukan haɗa nasu da goz da injin zuƙa na asibiti, amma wannan aikin ƙwararre ne, domin idan aka sa shi kusa da jijiyar jini da ke buɗe ko a kan ciwon daji, haɗarinsa babba ne.

Su wane ne manyan kamfanonin da ke riƙe da kasuwar?

'Yan kaɗan ne, kuma yawancinsu tsofaffi. Akwai Smith & Nephew da aka kafa a garin Hull na Ingila a 1856, Mölnlycke na Suwidin, ConvaTec na Birtaniya, Coloplast na Denmak, Hartmann da B. Braun na Jamus, Urgo na Faransa, da Johnson & Johnson na Amurka. Abin da aka fi gani a shekarun nan shi ne babba ya saye ƙarami mai sabuwar fasaha. A 2019 kamfanin 3M ya sayi Acelity, uwar KCI, a kan kimanin dala biliyan 6.7, sannan a 2024 ya ware sashen lafiyarsa ya zama kamfani mai zaman kansa da sunan Solventum. A 2023 Coloplast ya sayi Kerecis na ƙasar Aisland a cinikin da ya kai dala biliyan 1.3. Goz da auduga da filastar da ke kan kantocin Kano kuwa, akasarinsu daga masana'antun Sin da Indiya suke zuwa.

Da gaske ne ana dasa fatar kifi a jikin mutum?

Gaskiya ne. Kerecis da aka ambata a sama yana sarrafa fatar wani kifin teku, a cire ƙwayoyin halittarsa a bar saƙar fatar, a shimfiɗa a kan gyambo don naman mutum ya bi ta ciki ya tsiro. A Fortaleza ta Birazil likitoci sun yi amfani da fatar karfasa da aka tsarkake wajen rufe ƙuna. Akwai kuma waɗanda ake yi daga mahaifar jariri da aka bayar bayan haihuwa, da waɗanda ake renonsu a ɗakin gwaji, kamar Apligraf da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Ba a ɗauko fatar kifi daga kasuwa a ɗora wa ciwo. Wanda ya yi haka ƙwayoyin cuta ya zuba wa kansa.

Wannan sashe yana da darasi a kan yadda ake karanta bunƙasar kasuwa. Kuɗin da shirin inshorar tsofaffi na gwamnatin Amurka ya kashe a kan irin waɗannan fatu ya tashi daga kusan dala miliyan 250 a 2019 zuwa sama da biliyan 10 a 2024, ba don masu gyambo sun ninka haka ba, sai don tsarin biyan ya ba da ƙofar tsawwala farashi. Aka gurfanar da wasu bisa zamba, hukuma kuma ta sauya tsarin biyan daga 2026. A takarda wannan duk bunƙasa ce, amma ba duka ba ne ta zama warkewa.

To ina matsayin zuma, wadda muke da ita kuma muka yarda da ita?

Zuma ta shiga kasuwar zamani da ƙafar dama. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin sayar da bandejin Medihoney, wanda ake yi da zumar manuka ta Niyu Zilan da Ostireliya. Yawan sukarin zuma yana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta, tsaminta yana hana su yaɗuwa, kuma tana fitar da sinadarin kashe su a hankali. Gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna tana gaggauta warkewar ƙuna marar zurfi da 'yan kwanaki idan aka kwatanta da ɗaurin da aka saba, amma hujjarta a kan tsohon gyambon ƙafa ba ta kai haka ƙarfi ba.

Asibitoci da dama a Najeriya sun daɗe suna wankin ciwo da zuma, kuma hakan daidai ne idan ma'aikaci ne ya duba ciwon ya ga ta dace. Matsalar ita ce algus. Zumar da aka haɗa da narkakken sukari ko aka tsinka da ruwa ba ta da wannan ƙarfi, kuma wadda ake sa wa bandejin kamfani ana tace ta a kashe ƙwayoyin cikinta da haske na musamman, ba da wuta ba, don kada amfaninta ya tafi.

Waɗanne raunuka ne suka fi damun mutane a Kano?

Namu sun ɗan bambanta da na Turai, inda tsufa ne kan gaba. A nan akwai raunukan haɗarin mota da na adaidaita sahu da ke cika sashen gaggawa na Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala. Akwai ƙuna, wadda takan ƙaru da hunturu saboda jin ɗumi da garwashi a ɗaki da ruwan zafin da yara ke faɗawa, ga ta fetur da gas; fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta nuna yadda dare ɗaya zai iya fin ƙarfin duk gadajen jinyar ƙuna na yanki guda. Akwai gyambon idon sawu na masu sikila, a ƙasar da ake haihuwar kimanin jarirai 150,000 da cutar duk shekara. Akwai hannu ko ƙafar da ta ruɓe saboda ɗorin da aka ɗaure tamau. Akwai kuma ɗinkin tiyatar haihuwa da ke yin ruwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya shafar mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa aikin a Afirka. Gyambon ciwon suga yana ƙaruwa a kan duk waɗannan, bai maye gurbin ko ɗaya ba.

Me ya sa kayan zamani ke da tsada ko ma ba a samunsu a nan?

Kusan dukkansu da dala ake sayo su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 kuwa ta haura naira 1,500, don haka kayan da bai canza farashi a Turai ba ya ninka sau uku a Kano. Ga kuɗin jirgi, na tashar ruwa, na rajista, da na dako daga Legas. Sannan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, jihar Kano ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma masu sana'ar hannu da 'yan tireda da yawa ba su shiga ba tukuna.

Ɗan kasuwa ba zai tara kayan da zai lalace a kanta ba, likita ba zai rubuta abin da ya san ba a samu ba, ma'aikacin jinya kuma ba zai ƙware a kan abin da bai taɓa riƙewa ba. Haka kowane ɓangare ke jiran ɗaya.

Shin bandeji mai tsada yana iya fin mai arha sauƙi?

Yana iyawa, kuma a nan ne iyalai suka fi yin kuskuren lissafi. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne kuɗin da za a kashe har ciwon ya rufe, ba kuɗin ƙwaya ɗaya ba. Wanda ke zaune a Rijiyar Zaki ko Hotoro yana zuwa diresin kullum yana biyan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, nasa da na mai rakiya, yana biyan kuɗin wanki, kuma mai rakiyar ya rasa cinikin safiyar. Idan aka samu bandejin da zai kwana uku ko huɗu ba a buɗe ba, zuwan ya ragu zuwa sau biyu a mako, zafin ɓamɓara ya ragu, sabon naman da ke tsirowa ma ya huta.

Sai dai ba kowane ciwo ke karɓar wannan ba. Ciwon da ke da mugunya da wari yana bukatar a gan shi kullum, kuma bandeji mafi tsada a duniya ba ya gyara abin da ya hana ciwon warkewa tun farko, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna. A ra'ayinmu, iyalin da kuɗinsu ya taƙaita gara su fara sa shi a gwajin suga, abinci mai gina jiki da wanki mai tsafta a hannun wanda ya iya.

Mahaifina yana da ciwon suga, ga gyambo a tafin ƙafarsa. Wane bandeji zan saya masa?

Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a yi maganar bandeji, a kai shi asibiti a wannan makon, ba kemis ba, domin akwai abubuwa huɗu da suka riga bandeji muhimmanci. Likita zai duba ko jini yana isa ƙafar, zai duba ko cuta ta shiga nama ko ƙashi, zai yanke mataccen nama da kirci da ke kewaye da ciwon, sannan zai nemi hanyar ɗauke nauyi daga wurin. Na ƙarshen nan shi aka fi sakaci da shi. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji, don haka Baba zai ci gaba da taka ciwon zuwa masallaci da kasuwa ba tare da ya ji zafi ba, kowane taku kuma yana rushe abin da ya tsiro jiya. Ƙa'idojin ƙwararru na duniya sun sa simintin ƙafa ko takalmin asibiti mai kaiwa gwiwa, wanda ba a cirewa, a sahun farko na magani.

A gida, kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi, kada a yanke masa kirci da reza, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kuma a riƙa duba tsakanin yatsunsa kullum, a tsane su bayan alwala. Idan ƙafar ta kumbura, ta yi ja ko baƙi, ta fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a tafi sashen gaggawa a ranar. Jinkirin mako guda a irin wannan hali shi ke raba wanda za a yi wa wanki da wanda za a yanke wa ƙafa.

Me ya sa ake hana fasa kafso a barbaɗa a kan ciwo?

Domin garin ba ya shiga inda cutar take, yana iya ƙona sabon nama, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wannan ne ya sa kasuwar ta karkata ga bandeji masu azurfa, aidin mai fita a hankali, zuma, da waɗanda ke kama ƙwayoyin cuta a jikinsu a fitar da su lokacin sauyi. Su ma ba a daɗe ana sa su. Akan gwada mako biyu a sake dubawa. Man giya, toka, man goge baki da kashin shanu ba su da gurbi a kan ciwo, na ƙarshen ma yana jawo ciwon tetanus mai sandarar da jiki. Ƙuna kuwa, taimakon farko shi ne a zuba mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20.

Ina wayar hannu da sabuwar fasaha suka shigo?

A ƙasashen da suka ci gaba jinya tana barin gadon asibiti tana komawa gida, shi ya sa ake yin manhajojin da ke auna faɗi da zurfin ciwo daga hoto, da na'urar hannu da ke haska inda ƙwayoyin cuta suka taru. Bandeji masu na'urar sanar da zafi ko danshi suna matakin gwaji. Abin da za mu iya ɗauka yau ba tare da sayen komai ba shi ne hoton mako-mako: a ajiye ma'auni kusa da ciwon, a ɗauka a haske ɗaya, a nuna wa ma'aikacin da ke kula da shi. Gyambon suga da bai ragu da kusan rabi ba cikin mako huɗu alama ce ta a sake shawara. Kada a tura hoton majiyyaci zaurukan WhatsApp ba da izininsa ba.

Ni ɗan kasuwar magani ne. Ta ina zan shiga wannan harka?

Alhaji, a fara da takardu. Kayan ɗaure ciwo suna ƙarƙashin NAFDAC, harkar sarin magani kuma tana ƙarƙashin hukumar kula da harhaɗa magunguna, kuma tun farkon 2024 aka mayar da sarin magani na Kano daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Bayan haka a lura da ajiya. Yawancin bandejin zamani an rubuta a ajiye su a wuri mai sanyi da bushewa, zafin Kano kuwa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, gam ɗinsu ya saki. Fakitin da ya huje kuma ya tashi daga tsarkakakke ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

Shawararmu ita ce kada a fara da kaya mafi tsada. Goz tsarkakakke a ƙananan fakiti, goz mai man da ba ya mannewa, bandejin matse ƙafa, soso da aljinet masu matsakaicin farashi, da takalman masu ciwon suga, su ne masu masaya a kullum. A zauna da likitocin tiyata da ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Dala da na Nassarawa a ji abin da suke nema ba sa samu, kuma a haɗa sayarwa da koyarwa, domin kayan da aka sa ba daidai ba zai ɓata sunansa da na mai kawo shi. Wanda ya sayar wa mai gyambo jabu ya sani cewa ƙafar mutum ya yi ciniki da ita.

Za a iya ƙera waɗannan kaya a Kano?

Na yau da kullum, ƙwarai kuwa. Hartmann ya faro ne a 1818 a matsayin masana'antar kaɗin auduga, Mölnlycke ma masaƙa ce a 1849 kafin ta koma saƙa goz. Arewa tana noman auduga a yankunan Funtuwa da Gusau, Kano tana da tsofaffin masaƙu a Sharaɗa, Bompai da Challawa, da mutanen da suka san aikin zare. A Yunin 2024 gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan umarnin cire harajin shigo da injina da kayan haɗi ga masu ƙera magunguna da kayan asibiti, ciki har da yadin asibiti.

Wahalar ba a saƙar take ba. Dole a wanke audugar a cire mata mai don ta sha ruwa, a naɗe ta a ɗaki mai tsafta, a kashe ƙwayoyin cikinta da tururi, iskar gas ta musamman ko haske, sannan a riƙa gwada kowane rukuni kafin ya fita, kuma duk wannan yana son wuta da ruwa marasa yankewa. Ga kuma gasa da kayan Sin masu arha. Abin da zai tsayar da irin wannan masana'anta a shekarunta na farko shi ne tabbataccen mai saye, kuma mafi kusa shi ne hukumar samar da magunguna da kayan asibiti ta jihar Kano, idan za ta ƙulla yarjejeniyar saye ta shekaru bisa sharaɗin inganci, ta kuma riƙa biya a kan kari.